Baƙon Likita a Ƙasar Rima

A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, zazzaɓi na cin jikinsa. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya sauke shi, mutanen gari kuma suka riƙa kiransa Abdullahi. Su biyu suka taso daga Borno, shi da wani likita, Walter Oudney, amma ajali ya riski likitan a watan Janairu kusa da Katagum. A zaman da Baturen ya yi ta yi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello an taɓa maganar ciniki, da ta hanyar teku, da ta fataucin bayi. Har rabe-raben ɗarikun Kirista Bello ya tambaye shi, sai da baƙon ya amsa da bakinsa cewa karatunsa bai kai can ba. Amma akwai buƙata guda da Bello ya riƙa komawa kanta: Sarkin Ingila ya aiko masa da jakada da likita, su zauna a ƙasarsa.

Turawan ba su yi watsi da maganar ba. Da Clapperton zai dawo a ƙarshen 1825 an haɗo shi da likitoci biyu, Robert Morrison da Thomas Dickson. Morrison bai yi nisa da gaɓar Badagiri ba ciwo ya kashe shi. Dickson ya bi ta Dahomi da nufin su haɗu a gaba, daga nan ba a sake sa shi a ido ba. Haka Clapperton ya iso wurin Bello a 1826 ba likita, sai kyaututtuka, cikinsu har da littafin lissafi na Iƙlidis cikin Larabci, wanda Bello ya yi murna da shi domin kwafin gidansu ya ƙone a gobara. Shi ma Baturen bai koma gida ba. Ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Ya kamata a tuna wane ne ya yi wannan roƙo. Ɗan Shehu Usmanu ne, jagoran yaƙi, malamin da ya bar littattafai masu ɗimbin yawa, kuma da dama daga cikinsu a kan magani suke. Ya yi rubutu kan basir, da ciwon ido, da ciwon ƙoda, da amfanin filasko, da kuma maganin da aka ruwaito daga Annabi (SAW). Ƙanwarsa Nana Asma'u ma tana da nata littafin a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Mutumin da ya gina ribaɗin Wurno ya zauna a cikinsa har ya rasu a can a 1837, wanda har yau ake zuwa ziyarar hubbarensa, shi ne ya ga babu laifi a nemi likitan Nasara. Ba don ƙarancin ilimi ya nema ba, ba kuma don raunin imani ba.

Kuma ba sakaki ya yi ba. An sha kawo masa labarin yadda Ingilishi suka shiga Indiya da sunan ciniki suka ƙare da mulki. A zuwan na biyu, lokacin yana cikin rikici da Shehun Borno al-Kanemi, ya hana Clapperton wucewa can, ya kuma riƙe makaman da aka ɗauko don Borno. Ya buɗe ƙofa ga magani, ya rufe ta ga abin da zai cuci jama'arsa, kuma bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Bayan shekara fiye da 180 ma an ga irin likitocin da ya nema sun yi zaman dirshan a ƙasar Rima. A ƙarshen shekarun 2000 ƙungiyar MSF, wadda gidajen rediyo ke kira likitoci na gari na kowa, ta buɗe aikin kula da mata masu ciki da ƙananan yara a Goronyo, kyauta. Tana nan aka yi ambaliyar watan Satumba na 2010, lokacin da ruwan Rima ya fi ƙarfin madatsar Goronyo ya shafe gonaki da ƙauyuka. A wannan shekarar ce kuma ma'aikatanta suka taimaka aka gano cewa gubar dalma daga dutsen zinari ce ke kashe yara a yankunan Anka da Bukkuyum, inda fiye da 400 suka rasu. An kafa ƙungiyar a Faransa a 1971, wasu daga cikin waɗanda suka kafa ta kuma a yaƙin Biyafara suka fara ganin yunwa da idonsu. Tana da rassa a ƙasashe daban-daban. Reshen Sifaniya, mai hedkwata a Barcelona, yana aiki a Shinkafi da Zurmi, nan maƙwabtan Isa, kuma yakan ɗauko ma'aikata har daga Ajantina da Kolombiya.

Kwanakin farko na irin wannan baƙo abin kallo ne, wani lokaci abin tausayi. Ga mutum ya yi shekara goma ko fiye yana karatu, ya ƙware a fiɗa ko a ciwon yara, amma ranar da ya sauka ba ya iya sayen ƙosai da kansa. In a bazara ya zo, zafi ya haura maki 40 ya hana shi barci. In a hunturu ne, ƙura ta toshe masa hanci, leɓensa ya tsage. Cikinsa yakan ɓaci kafin mako ya zagayo. 'Yar Hausar da ya haddace daga ƙaramin littafi ta Kano ce, ga shi a tsakiyar Sakkwatawa. Kafin ya taɓa majinyaci ko ɗaya sai an kai shi gaisuwa wurin hakimi da limami da shugaban ƙaramar hukuma, ya cire takalmi, ya zauna, ya saurari gaisuwar da ta fi tsawon zaman da yakan yi da mara lafiya a ƙasarsu. Wanda harshen uwarsa Sifaniyanci ne yana da ƙarin nauyi: ya yi tunani da harshensa, ya faɗa da Turancin da shi ma aro ya yi, tafinta ya mayar Hausa, in kuma Bafulatana ce daga ruga sai an nemo wani ya sake juyawa.

A ɗakin duba marasa lafiya ne zai gane iyakar takardunsa. Ya tambayi shekarun yaro, a ce masa an haife shi bayan ambaliya, ko ana cikin yankan shinkafa. Ya tambayi sunan yaron, uwar ta sunkuyar da kai ta yi shiru, shi kuwa ya ɗauka ba ta damu ba ne, alhali ɗan fari ne, kunya ta hana. Ya tambayi mace ko tana da ciki a gaban surukarta, ba za a tanka masa ba. Mai naƙuda ta daure ba ta yi ko tari ba, sai ya zaci da sauran lokaci. Ya ce a yi ƙarin jini yanzu-yanzu, a amsa masa da, "Likita, sai abin da maigida ya ce," maigidan kuwa yana fadama ko ya tafi cin rani. Ya ga tsagar wanzami a cikin yaro da laya a wuyansa, ransa ya ɓaci, bai san cewa uwar ta riga ta bi ta kemis, ta sayar da akuya, ta hau babur tun asuba kafin ta iso gabansa ba.

Masu fitar da shi kunya su ne waɗanda ba a cika ɗaukar hotonsu ba: nas ɗin da ta san yadda ake tambayar mace kwanan wata a sakaye, da tafintan da ke rage kaifin maganarsa kafin ta kai kunnen dattijo, da direban da ya san wace hanya ake bi ranar kasuwa, da mai gadi, da mai dafa abinci. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ma'aikatan MSF a duniya 'yan ƙasashen da ake aikin ne. Wato wanda ya zo taimako, a makonninsa na farko shi ne ake taimako, kuma baƙon da bai yarda da haka ba ba ya daɗewa kafin ya yi ɓarna.

A can zaure kuwa, da rumfar mai shayi, da bakin masallaci bayan la'asar, wata hirar ake yi. Ya halatta Musulmi ya miƙa jikinsa da na iyalinsa ga wanda ba ya salla? Me ya rabo su da ƙasarsu mai sanyi da wadata, in ba da wata manufa ba? Kuma wannan wahala da suke sha, suna da lada?

Tambayar halacci tsohuwa ce, kuma malamai ba su bar ta ba amsa ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya nemi Harisu bin Kalada, likitan Banu Saƙifa, wanda malamai da yawa ke ganin bai musulunta ba a lokacin. A tafiyar Hijira, wadda babu tafiyar da ta fi ta haɗari a tarihin Musulunci, jagoran hanya Abdullahi bin Uraiƙiɗ yana kan addinin mutanensa. Halifofin Abbasiyawa sun yi zuriya bayan zuriya suna hannun likitocin gidan Bukhtishu, Kiristoci. Musa bin Maimun, Bayahuden da aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya yi aikin likita a fadar gidan Salahuddin a Masar. Ibn Taimiyya ma ya tafi a kan cewa in wanda ba Musulmi ba ya ƙware kuma an amince da shi, babu laifi a nemi maganinsa.

Sai dai ba kowa ya saki jiki ba, kuma adalci ne a faɗa. Ibn al-Hajj, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1336, ya yi kakkausan gargaɗi a littafinsa al-Madkhal game da zuwa wurin likitocin Yahudu da Nasara, yana tsoron ha'inci da kuma abin da zai iya shiga zuciyar majinyaci. Wannan littafi ba baƙo ba ne a Sakkwato, Shehu Usmanu ya yawaita kafa hujja da shi. Bello ya san shi sarai, amma duk da haka ya nemi likita. In aka auna maganganun ɓangarorin biyu za a tarar ba a kan sunan addinin likita suka rabu ba. A kan amana suka rabu: wani ya ga ana iya samunta a wurin baƙo, wani ya ga samunta da wuya.

Mutanen Arewa kuwa ba a banza suke ɗari-ɗari ba, ruwa ba ya tsami banza. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin da ya fi ciwo shi ne, a harabar asibitin nan guda likitocin MSF suna ba da magani na gaskiya, kuma uwar da ta goyo ɗanta daga ƙauye ba ta da hanyar bambance wannan Bature da wancan. Shekara 7 bayan haka aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin bogi a garin Abbottabad na Pakistan don neman Usama bin Ladan, ta bar ma'aikatan lafiya na gaskiya da biyan bashin da jininsu.

Talakan Gwatamala ya san wannan labari ba tare da an fassara masa ba. Tsakanin 1946 da 1948 likitocin gwamnatin Amurka sun sa wa fursunoni da sojoji da masu taɓin hankali na ƙasar, kimanin mutum 1,300, ƙwayoyin tunjere da ciwon sanyi da gangan don bincike. Sai a 2010 Shugaba Obama ya nemi gafara. Ko a nan gida, zaman kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, da na Yadakunya a Kano, da na Babbar Ruga a Katsina, waɗanda 'yan mishan na SIM suka karɓa a ƙarshen shekarun 1930, sun yi wa dubban mutanen da dangi suka guje su jinya, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa wa'azi na tafe tare da allura. Saboda haka dattijon Rabah da ya tambayi abin da baƙi suke nema ba jahilci ya nuna ba. Laifinsa, in da laifi, shi ne ya tsaya a kan zargi bai bincika ba, har ɗansa ya mutu da ƙyanda a ɗaka.

To a ce an bincika, an tabbatar baƙon ba ɗan leƙen asiri ba ne, ba mai gwaji ba ne, zuciyarsa fara ce sol. Shi ke nan? Nan ne maganar ta fi wuya, domin yawancin masu aikin sa kai da kyakkyawar niyya suke baro gida. Duk shekara ɗalibai da 'yan coci daga Amurka sukan tafi Gwatamala da Honduras da makamantansu na mako ɗaya ko biyu, su kafa rumfa, su raba ƙwayoyi, su koma da hotuna. Wasu suna da amfani. Wasu kuwa ɗalibin da ba a yarda ya yi allura a garinsu ba shi ke cire haƙori, a ba mai hawan jini maganin wata guda a tafi a bar shi. Tun a 1968 wani limamin Katolika da ke zaune a Mekziko, Ivan Illich, ya tsaya gaban ɗalibai masu shirin zuwa ƙauyukan ƙasar ya gaya musu a fili cewa su zo yawon buɗe ido ko karatu in suna so, amma su daina zuwa da sunan taimakon mutanen da ko harshensu ba sa ji. Magana ce mai zafi, kuma ta wuce gona da iri, amma abin da ya faru a Jinja ta Yuganda ya nuna tana da tushe. Wata 'yar Amurka, Renee Bach, ba ta da horon likita ko na nas, ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa. Yara 105 suka mutu a can cikin 'yan shekaru. Iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 ba tare da ta amsa laifi ba.

Shari'ar Musulunci ta riga ta yanke wannan. Akwai hadisi a Abu Dawud da Nasa'i da ke ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da iliminsa ba, in ya jawo ɓarna. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, alƙalin Malikiyya kuma likita, ya kawo mas'alar a Bidayatul Mujtahid. Niyya tana tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma ba ta ɗauke diyya. Hukuncin nan bai tambayi launin fata ba. Ya hau kan Baturiyar Jinja, ya kuma hau kan yaron kemis da ke ɗaura ƙarin ruwa a shago a Goronyo, da mai tallan maganin da ke warkar da cuta arba'in ta lasifika ranar kasuwa. Mutane sukan tsananta bincike a kan baƙo su kau da kai daga na gida, alhali na gidan ne ya fi kusa da jijiyar 'ya'yansu.

Wanda ke son ganin yadda ake haɗa niyya da ƙwarewa ya je Asibitin Noma da ke Sakkwato. Noma, wadda mutane da yawa ke kira ciwon daji, tana farawa ne da kumburin dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, galibi mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda. Cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe da hanci. In ba a yi magani ba, tana kashe kusan 9 cikin 10, alhali in an kama ta da wuri ƙwayoyi masu araha da abinci mai gina jiki sun isa. Likitocin fiɗa daga Jamus da Holan sun fara zuwa Sakkwato a tsakiyar shekarun 1990, aka buɗe asibitin a 1999, MSF kuma ta shigo a 2014 tana aiki tare da ma'aikatar lafiya ta jiha. Masu tiyata daga waje sukan zo 'yan lokuta a shekara, su yi kamar mako biyu. Amma kafin su sauka, ma'aikatan gida sun yi watanni suna zagaya ƙauyuka, suna ciyar da yaran har su yi ƙarfin ɗaukar fiɗa. Bayan sun tafi kuma, su ne ke koya wa yaro buɗe baki da tauna, su ne ke lallashin yarinyar da ta shekara tana rufe fuska da gyale. Baƙon yana yin abin da ya ƙware a kai kaɗai, a inda aka kira shi, ƙarƙashin hukumar ƙasa. Mulikat Okanlawon ta zo asibitin nan a matsayin majinyaciya, daga baya ta zama ma'aikaciya a cikinsa, kuma tana cikin waɗanda suka yi ta fafutuka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Saura maganar lada, wadda ita aka fi jin daɗin tattaunawa. Nassoshi suna nan. Nana A'isha ta tambayi Annabi (SAW) game da Abdullahi bin Jud'an, wanda ya yi suna da ciyarwa da sada zumunci a jahiliyya, aka amsa mata cewa hakan ba zai amfane shi ba tunda bai taɓa neman gafarar Ubangijinsa don ranar sakamako ba. Hakimu bin Hizam kuwa, da ya musulunta ya tambayi makomar alherin da ya yi a da, aka yi masa albishir cewa bai ɓata ba. Muslim ya ruwaito cewa Allah ba Ya zaluntar kowa a kan kyakkyawan aiki, wanda bai yi imani ba ana saka masa tun a duniya. Imam Gazali kuma, a Faisalut Tafriƙa, ya yi wa waɗanda saƙon Musulunci bai kai gare su ba, ko ya kai a gurɓace, fatan rahama. Wannan shi ne hukunci a dunƙule. Amma makomar wani mutum takamaimai, wannan nas ɗin ko wancan likitan, babu mai shayi ko malamin da aka ba ilminta, domin ba wanda ya san da me zai cika. Balle ma yawancin "Turawan" da ake magana a kansu ba Turawa ba ne: akwai 'yan Nijar da Kamaru da Kwango da Pakistan, da dama cikinsu a sahu ɗaya ake salla da su.

Abin da aka ɗora wa mai karɓar alheri a bayyane yake. Muɗ'imu bin Adiyyi ya mutu bai musulunta ba, amma shi ya ba Annabi (SAW) mafaka ya shiga Makka bayan dawowa daga Ɗa'ifa. Shekaru bayan haka, ranar da aka kamo fursunonin Badar, Annabi ya ambace shi, ya ce da yana raye ya roƙa a sake su, da an sake su dominsa. Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙi Musulmi ba, hadisi kuma ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane. Wanda aka ceto matarsa daga jijjiga da tsakar dare, gari ya waye yana lissafa wa likitar azabar lahira a rumfar shayi, bai bi wannan sunna ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa hirar lada ke da daɗi: ba ta cin ko sisin kowa. Tambayar da ke da tsada ita ce wadda Gazali ya yi fiye da shekara 900 da suka wuce a Ihya'u Ulumid Din. Ya ƙidaya ilimin likita cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi. Ya koka cewa garuruwa da yawa ba su da likita sai wanda ba Musulmi ba, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani, domin can ne ake samun muƙami da dukiyar waƙafi. An ruwaito irin wannan takaici daga Imam Shafi'i tun kafin shi. Da waɗannan malamai za su zaga Wurno da Rabah da Goronyo a yau, su ƙirga masallatan Juma'a da kujerun Umara, sannan su ƙirga ungozomomin da suka yi makaranta, da wuya su sauya ko kalma ɗaya.

Baƙo raɓa ne. A watan Maris na 2012 aka kashe wani Bature ɗan Ingila da ɗan Italiya da aka yi garkuwa da su, a unguwar Mabera ta Sakkwato. A Fabrairun 2013 aka harbe masu rigakafin shan inna 9 a Kano, aka kashe likitoci 3 'yan Koriya ta Arewa a Potiskum. A cikin shekarar MSF ta rufe aikinta na Goronyo saboda tsaro. Mata ba su daina haihuwa ba. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: harin Tabanni a gundumar Gandi a 2018 da 'yan gudun hijirar da ya tara, da harin kasuwar Goronyo ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 da ya ci rayuka fiye da 40, da gonakin da aka daina zuwa, da tamowar da ke biyo bayan gonar da ba a noma ba. A daidai lokacin da buƙata ta fi yawa ne baƙo ya fi kasa zama, na gida kuma suna ficewa. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara 5, waɗanda suka rage kuma sun taru a manyan birane.

Ba a rasa abin koyi ba. Kuba, tsibiri mai magana da Sifaniyanci, ba mai arziki ba, ta buɗe makarantar likitanci a Havana a 1999 inda take koyar da 'ya'yan talakawa daga ƙasashe da dama kyauta, da fatan su koma su yi aiki a inda suka fito. Ana sukar gwamnatinta da cewa tana cin kaso mai tsoka daga albashin likitocin da take turawa waje, kuma sukar tana da makama. Duk da haka, da Ebola ta ɓarke a 2014 ta tura ma'aikatan lafiya fiye da 250 zuwa Saliyo da Laberiya da Gini. A Disambar shekarar Najeriya ma ta tura kimanin 200 ƙarƙashin Tarayyar Afirka, su ma suka ɗanɗani kwanakin farko na baƙunci, da tafinta, da abincin da ciki bai saba ba. Wanda ya iya zuwa Saliyo zai iya zuwa Gandi, in an ba shi albashi da tsaro da wurin kwana.

Wannan na gwamnati ne, ita da ta sa hannu a Abuja a 2001 cewa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, ta kuma yi shekaru ba ta cika ba. Amma farillar kifaya ba a kan gwamna kaɗai take ba. Sakkwato tana da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana da kwalejin nas da ungozoma, tana da hukumar zakka da waƙafi, kowace ƙungiyar addini kuma tana da 'yan agajinta masu kaki. Manyan manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa na fadamar Rima, da 'yan kasuwar da suka yi arziki a birni, da limaman da ake jin maganarsu, kowace gunduma ta zaɓi 'yan mata da samari daga cikin 'ya'yanta, ta ɗauki nauyin karatunsu na ungozoma da nas da likita daga zakka da waƙafi, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida na wasu shekaru. Iyaye kuma su bar 'yan matan su gama sakandare, domin ba a shiga makarantar ungozoma da takardar firamare.